Irin Tattasan Kawu Bawa

Duk wanda ya yi noman rani a bakin gulbin Bungudu ya san Kawu Bawa, ƙanen mahaifiyata, ba ya yar da tsumma. Riga na mutuwa zai yayyage ta ya ɗaure tattasai a jikin sanda. Daga nesa lambunsa sai ka ce an yi shanya. Ni kaina na taɓa gane tsohon wandona na Sallah a nan. Da na yi magana, ya ce ai sai yanzu wandon ya sami aikin yi.

Tattasan nan kuwa ba irin na kowa ba ne. Matarsa, Inna Asabe, ita ta zo da irin daga gidansu a Kucheri, ƙulle a bakin zane. Tun da ta rasu ya hana kowa ko ƙwaya ɗaya, har ni da lambuna ke manne da nasa. Kafin ya kai kaya kasuwa sai ya zauna ya tsaga kowane tattasai, ya kakkaɓe 'ya'yan. Wani dillali daga Sabon Garin Gusau ya taɓa yi masa ƙorafi, wai kaya duk a tsage.

"Alhaji, miya ka saye," in ji Kawu, "ba gado ba."

Mu kan kafa dangar kara ta gabas saboda iskar bazara. Shi kam ya ce karansa na awaki ne, iskar kuma ta san shi tun yana yaro, ba za su fara faɗa da tsufa ba. Taurin kan Kawu, ai kun sani.

Shekara biyu bayan an ba mu jiha, ɓeraye suka shiga tulun da yake ajiye iri, suka cinye tas. Abin da ya rage na Inna Asabe a duniya shi ne wanda ke tsaye a lambu, bai ko nuna ba. Ana haka wata la'asar iska ta taso. Ta kwantar da dangarmu, ta kakkarya tumatir, ta kwashe bukkata. Muka ruga neman mafaka, sai na waiga ban ga Kawu ba. Na same shi rub da ciki, ya baza babbar rigarsa a kan kwamin tattasai ɗaya, ya danne da hannu da ƙafa, hula ta daɗe da tafiya. Na kama shi zan ja.

"Bar ni," ya ce. "In ka ga na tashi sama ka riƙe ƙahwata. Ka dai lura, kar ka taka min shuka."

Gindi uku suka tsira. Ya yi ta jinyarsu har suka yi ja. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga Kawu yana bin gidajenmu ɗaya bayan ɗaya, yana miƙa wa kowa ɗan ƙullin iri. Na fara tsokanarsa ko zazzaɓi ne ya kama shi, sai na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Ni ina cewa tsaron Asabe nike," ya ce. "Ashe saura kaɗan in rasa ta sau biyu. Ku shuka. Iska ba ta gama da ku duka rana guda."

Bai ga bazarar da ta biyo ba. Wallahi har yau ina kewarsa. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya sada shi da Inna Asabe a Aljanna.