Itaciyar Gidan Likita

Shekarar da aka sauke tutar Faransa, matar likitan Maraɗi tana haɗa kayan komawa ƙasarsu ta yanko mini reshe ɗaya daga itaciyar ƙofar ɗakinta. Ina kolej lokacin. Furenta shuɗi ne, ba shuɗin baba mai duhu ba, irin na sama bayan an ɗauke ruwa. Ban taɓa son wani abu haka ba. Na naɗe reshen a jiƙaƙƙen tsumma, na riƙe shi bisa cinya cikin babbar mota har garinmu Gidan Rumji.

Na dasa shi bayan ɗakin Inna, na kewaye da ƙaya saboda awaki. Rijiyarmu mai zurfi ce, guga ɗaya sai tafin hannu ya yi zafi, amma safe da marece sai na ba shi ruwa. Ya kama. Da na koma lakol, wato makaranta, Inna ta ci gaba da zuba masa tana mita. Hutun gaba na iske shi ya kai gwiwata, har da fure.

Daga bakin Inna matsalar ta fito. Wata maƙwabciya ta tambaye ta ko wane icce ne, ta ce daga gidan likita ɗiyarta ta kawo. Shi ke nan. A garinmu ba a shuka abu don kallo. Zogale na ci ne, lalle na hannu. To abin da likita ya dasa a ƙofarsa me zai zama in ba magani ba?

Maƙwabciyar ta tsinki ganye ta yi wa jikanta wanka, zazzaɓinsa ya sauka don kansa, labari ya kai kasuwa. Mata suka fara sallama. Wannan ganye take so, waccan fure, wata ɓawo. Kuma a wurinmu ba a hana magani, ba a kuma gode wa wanda ya bayar. Su tsinka su wuce.

Na yi bayani har muryata ta dushe. Na ce ado ne, ado kawai, mai shi ma ba ta taɓa dafa shi ba. Suka ce 'yar lakol ta koyo rowa wurin Nasara. Na ƙara ƙaya, suka janye. Na kifa masa tsohon kwando, ya rasa rana ya soma rawaya, na buɗe. Har ƙarya na yi na ce guba ne, wata tsohuwa ta ce ai duk magani mai ƙarfi haka yake. Na daina zuwa ko'ina, ina zaune gindinsa kamar mai gadin gero. Duk da haka kafin ƙarshen hutu ya koma tsinke uku, ba ganye ko ɗaya. Amma in na kankare da farce, ciki kore ne. Saiwar na da rai, damina za ta tashe shi.

Sai Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga ƙauye da ciwon gwiwa. Ta ce an gaya mata ƙarfin a saiwa yake.

Na tsaya gaban itaciyar na ce, "Gwaggo, ki tahi likita. Ni zan raka ki. Wannan ba ya maganin komi."

Ba ta ko dube ni ba. Baba ta duba. "Ka ji ɗiyarka? Icce ya hi ni."

Baba ba mai faɗa ba ne. Ya ce in matsa, a hankali. Na ce a ba ta reshe ɗaya, a ba ta duka ukun, a bar mini saiwar. Ya ce yayarsa ba ta taka ta zo gidansa ta roƙi magani ta koma hannu wofi. Ya ɗauko hauya da kansa.

Sara biyu ya yi. Gwaggo ta kakkaɓe ƙasar, ta ƙulle saiwar a bakin zanenta, ta tambayi Inna ko akwai hura.

Na tsince tsinken nan uku na soke su cikin gwangwani, na yi ta zuba ruwa. Ranar da zan koma Maraɗi na kankare ɗaya da farce. Ya bushe har ciki.