Hannun Hagu na Baba Zamani

Shekara goma sha ɗaya ina suyar ƙosai kusa da rumfar Baba Zamani, mai aski a bakin tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, ban taɓa ganin jini a tsummansa ba. Ko ɗigo. Ba gona, ba keke, abin da ya mallaka kawai sunan nan ne: Zamani ba ya yanka mutum.

Askarsa irin mai naɗewa ce, ƙotarta ƙahon bijimi, bakinta ya sha washi har ya rame. Sai ya goga ta a dutse da ɗan man gyaɗa, ya ja ta a kan wani tsohon bel na soja, sama da ƙasa, sannan ya bi da ita a hannunsa na hagu. Duk wanda ya zauna, sai an yi wannan. Hannun ya yi sumul kamar bayan ƙwarya. Nakan tsokane shi cewa wata rana zai kai ƙashi, shi kuwa ya ce askar da ba ta bi fatarsa ba, ba za ta hau wuyan ɗan wani ba. Meshak mai aski da reza a tsallaken titi kuwa, mai ferar doya yake ce masa.

Wata Asabar a 1976, Leonard, wani malamin makaranta daga Fadan Kaje, ya zo da sassafe. Ƙarfe goma za a ɗaura masa aure a majami'a. Baba ya shafa masa kumfa, ya wasa aska, ya ja a hannunsa. Sai ga siririn layin jini a fatarsa. Na daɗe da lura hannun damansa na rawa in ya ɗauki kofin koko.

Ango bai gani ba, idonsa a lumshe. Na matso na raɗa wa Baba ya daure mana, gemu ɗaya ne, wa zai sani? Hararar da ya yi mini, har yau ina jin kunyarta. Ya naɗe aska, ya goge kumfar a hankali.

"Ɗana, tashi ka je wurin Meshak," in ji shi. "Ka ce ni na aiko ka."

Ƙosaina ya ƙone a kasko ina kuka. Bai sake buɗe rumfar ba. Har ya bar duniya, jinin da askar nan ta taɓa fitarwa nasa ne kaɗai.