Duwatsu Biyu a Gindin Marke

Ko na manta da komai a duniya, ba zan manta da abin da na yi wa wani dattijon Bafillatani a gonata ta yamma da Ɗansoshiya ba. A shekarun nan ne da gyaɗa ta haukata kowa, gab da Turawa su tattara nasu ya nasu. Ina sabon ango, dagaci ya yanka mini wata tsohuwar saura, na sassabe ta da hannuna. Ni kuwa Allah ya yi ni da zargi. Ko kaza ce ta cika kallona, sai na tambayi kaina wa ya aiko ta.

A tsakiyar gonar akwai marke guda, a gindinsa kuma duwatsu biyu a kafe, tsakaninsu bai wuce kamu biyu ba. Ban taɓa kula su ba sai da kaka ta yi. Ina cire gyaɗa da hantsi na hango wani dogon tsoho, malafa a ka, sanda a kafaɗa, ya baro hanyar Dangora ya ratso kunyoyina, shanunsa kuwa an riga an kora su kudu. Ya je gindin marken ya tsuguna yana tsige ciyawa daga jikin duwatsun, bakinsa na motsi.

Na ce, "Sannu Baffa. Wani abu ne ya ɓace?"

"A'a, mai gona. Wucewa nake yi."

"Ai hanya ga ta can."

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Na gan ta." Ya miƙe ya tafi.

Mai wucewa ne zai tsaya gyaran dutse? Na kai maganar wurin maƙwabcin gonata, wanda bai taɓa dawowa daga kasuwar Tudun Wada hannu rabbana ba, in babu kaya akwai jita-jita. Ya ce ai ya ji ana batun fitar wa Fulani burtali, wato hanyar shanu, har zuwa rafi. "Kai yaro ne," in ji shi. "Bana dutse biyu, baɗi shanu a cikin gyaɗarka. Ka kai ƙara, a ce ai alamarsu na nan tun kafin ka zo." Daga ranar, ko tuwo nake ci duwatsun nan nake gani.

Da bazara, shanu na komowa arewa, sai ga tsohon. Na laɓe bayan wata sabara ina kallo. Ɗaya daga cikin duwatsun ya karkace, ya sa hannu biyu ya daidaita shi, ya danna ƙasa a gindinsa. Na ce a raina, shi ke nan, ga mai kafa iyaka na kama ido da ido.

Ban tambayi dagaci ba, ban tambayi mahaifina ba. Washegari na ɗauki gatari na kayar da marken, na ƙone kututturen, na tone saiwar. Duwatsun na kinkima ɗaya bayan ɗaya na jefa a rafi. Ruwa na sauka na ja kunya daga wannan baki zuwa wancan, babu ko lanƙwasa. Har alfahari na riƙa yi a dandali cewa na riga Bafillace wayo.

Kaka ta zagayo, tsohon ya dawo, wannan karon tare da ƙanensa. A bakin gona ya yi turus. Sannan ya shiga, ya yi taku kaɗan ya tsaya, ya koma baya, ya nufi wani gefen, ya tsuguna ya dafa ƙasa, ya sake miƙewa. Ni kuwa ina dogare da fartanya, na shirya baƙaƙen maganganu ina jiran a taɓa ni.

Ƙanen ne ya zo ya yi mini sallama. "Mai gona, ina marken da ke nan?"

"Na sare. Burtalin da kuke nema, ku neme shi a wani wuri."

"Wane burtali?" Ya rage murya. "Ɗansa na fari ne kwance a nan. Ko yaye ba a yi masa ba. Nan muka sauka da shanu a shekarar, duk wurin nan daji ne."

Na ce, "To me ya hana shi faɗa mini? Ai na tambaye shi!"

"Mu ɗan fari kunyarsa muke ji. Ko yana raye uba ba ya kiran sunansa, balle ya tsaya yi wa baƙo labarin kabarinsa."

Na yar da fartanya na ruga wurin tsohon. "Baffa, nan ne, wallahi nan ne!" Na duba hagu, na duba dama. Kunyoyin duk iri ɗaya. Na matsa gaba na ce ko kuma nan. Ni da na tone wurin da hannuna, ni ma ya ɓace mini.

Ya ce, "Bari, ɗana. Kada ka nuna mini inda ba ka tabbata ba."

Ya koma bakin gona, ya fuskanci filin gaba ɗaya, ya ɗaga hannu ya yi addu'arsa, ya shafa. Bai zage ni ba, bai ko harare ni ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ban sake ganinsa ba, ko da yake shekara da shekaru ina zuba ido a hanyar Dangora duk kaka.

Har yau abin na ci mini rai. A da, ni wuri ƙasa ne kawai, iyakarsa nawa zai ba ka in ka noma. Ranar na gane cewa kowane fili da ka samu, wani ya riga ka zama a kansa, ya yi dariya, ya yi kuka, wataƙila ya bar nasa a ciki. Shi ya sa nake gaya wa jikokina, in sun ga dutse a kafe ko itace an ƙyale a tsakiyar gona, su nemi dattijan wurin su tambaya kafin su ɗaga gatari. Ni ban tambaya ba, na raba uba da ɗan wurin da ya rage masa na ɗansa a duniya.