Bakin Zaren da Malam Abdussamadu Ya Bari

Ranar Talata, 14 ga Mayu 1991, Allah ya karɓi ran Malam Abdussamadu Hodi, malamin kimiyyar halittu, a gidansa na Gwadangaji. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, har gobe ban huce da kwamitin nan na Sakkwato da ya hana ka tafiya ƙaro ilimi ba, inda wani ya tambaye ka wa zai sayi zaren da ido ba ya gani. Ni irinsu ne suka sa na rufe littattafaina tun da daɗewa. Kai ka ƙi rufe naka.

Kai ka fara gaya mini cewa DNA, zaren nan da ke ɗauke da gadon halitta a jikinmu, ana iya gini da shi. Ka ce sinadarai huɗu ne a jere a kansa, kowanne da abokinsa guda. In aka yanka shi guntu-guntu aka bar bakin kowane a sake, aka zuba a ruwa, kowane baki zai nemo nasa ya kama, har raga ta ƙullu babu hannun maƙulli. Na ce tatsuniya ce. Ka yi dariya ka ce, "Alhaji, ai ka tambaya sau uku, wanda bai yarda ba ba ya haka."

Da yake kai ɗan masuntan Argungu ne, da zaren homa, ragar kamun kifi, ka kwatanta abin. Ka rina shi kala huɗu, ka ƙulla mahaɗa masu hannu huɗu-huɗu, ka bar bakunan suna reto. Kowace Juma'a bayan la'asar kakan kawo mini albasar Augie da sabon bayani, ko da na ɗaure fuska. Tambayata ta ƙarshe ita ce: in baki biyu suka yi kama, yaya zaren zai gane nasa? Ka ce sai Juma'a mai zuwa.

Bayan sadakar bakwai na roƙi maiɗakinka Asiya ta nuna mini ragar. Sai ga kawunka Maigandi ya fito da ita, ya kawo ta da hannu biyu.

"Na ishe homar Malam duk ta kece," in ji shi. "Na gyara mai, kar a ce ɗanmu bai iya ƙulli ba."

Na yi masa godiya, domin ƙauna ce ta sa shi. Ƙullin ma ya yi kyau.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba Asiya, da 'ya'yanka Hammadu da Adama, da kawu Maigandi haƙurin rashinka.

Ragar tana wurina. Duk bakunan an ɗaure su, kuma wanda ya san wane baki ke neman wane ya rasu.