Sau Uku Aka Yaye Ni Ban Iya Sa Zare Ba

Ni ɗan ƙauyen Banga ne, ɗan manoma. Da damina ina bayan babana a gona, da rani kuwa ba ni da aikin da ya wuce zaman tasha a Ƙaura, ina zuba wa direbobi surutu suna saya mini shayi. Ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Baki dai Allah ya ba ni, kuma shi ya kai ni ya baro.

Wata shekara aka zo da shirin koya wa matasa sana'a, kawuna ya sa sunana a ɗinki. Wata uku ana koyarwa, ni kuwa sai ranar rabon abinci ake ganina. Ranar yaye mu aka ba kowa keken ɗinki sabo dal a kwali, aka ɗauki hoto. Ban kai bakin titi ba wani dillali ya tare ni, ya ce ina zan kai kaya mai nauyi haka cikin rana. Na sauke masa. Mako biyu kuɗin suka ƙare a tsire da takalmi.

Da na ga abin ba wuya, sai na mai da shi sana'a. Na shiga shirin a Shinkafi da wani suna, na shiga a Zurmi da wani. Da fuskata ta fara sanuwa sai na sake dabara: in sa riga mai guga, in rataya jaka, in bi waɗanda aka yaye har gida in ce ofis ya aiko a mai da kekuna a buga musu lamba. Mutanenmu in sun ji "ofis" ba sa tambaya. Har ruwa ake kawo mini, a taya ni ɗaurewa a babur. Da guminsu na ga Maraɗi, na ga Agadas, na ga teku a Legas. Teku dai ruwa ne, samari, kada wani ya ruɗe ku.

A Gurbin Bore dubuna ta cika. Ina zauren wani Lawali ina karanto masa zancen ofis, ashe matarsa 'yar Sakajiki ce, kuma keken yayarta na ɗauke bara. Ta leƙo ta ce, "Malam, lambar keken yayata ba ta bushe ba har yau?" Nan take aka kama ni. Alƙali ma bai sha wahala ba.

A gidan yari aka tambayi wa ya taɓa koyon sana'a. Na ce ni, sau uku ma aka yaye ni. Aka zaunar da ni gaban keke, na kasa sa zare. Wani tsohon tela, ɗaurarre shi ma, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce in matso. Shekara biyu yana bugun hannuna da abin awo. Ranar da na haɗa rigar farko na zauna na yi kuka, don sai ranar na san me na riƙa ɗaukewa daga gidajen mutane.

Da na fito, 'yan'uwa suka ce in tafi inda ba a san ni ba. Na ce a Ƙaura na fara ɓarna, a Ƙaura zan zauna. Na bi gidajen da na tuna na nemi gafara. Wasu sun yafe, wasu sun rufe ƙofa, kuma suna da gaskiya. Kawuna ya samo mini wani tsohon keke, na je wurin shugaban teloli, Alhaji Mamman, neman wuri a layinsu, don ba mai kafa keke a can sai da izininsa. Ko kallona bai yi ba. Ya ce tela amana ake ba shi, mutum ya ajiye shadda ya juya baya, to wa zai juya wa kura baya? Wani daga cikin telolin ya ce kowa ya ɗaure kekensa da sarƙa, aka fashe da dariya.

Na ce, "Alhaji, ba ni yadi ka tsaya bisa kaina. In na ɓata, in bar garin."

Ya jefo mini shaddar jikansa. Na auna, na yanka a gabansa, na ɗinka. Kun san al'adar teloli, ƙyallen da ya rage nasu ne, ba mai tambaya. Ni kuwa na tsince kowane ƙyalle, har wanda bai kai yatsa ba, na ƙulle a leda na miƙa masa tare da rigar. Ya juya ta ciki da waje yana neman aibu, bai samu ba. Ya buɗe ledar, ya dubi teloli, kowa ya sunkuya kan kekensa.

Ya ce, "Wanga iyayi na. Kai ka koya muna amana?"

Na ce, "A'a, Alhaji. Ku an yarda da ku, ku ci ƙyallenku lahiya. Ni ban da wanga gata."

Ya nuna mini wani lungu kusa da kwata. Nan nake har yau. In na wuce wasu kan ce ga ofis nan, in ce musu a fito da kekuna a buga lamba, mu yi dariya. Ban ɓuya ba, ban gudu ba, kuma ba mai tashina.

To ku da ake koya wa sana'a yanzu, ɗinki ne ko walda ko gyaran waya, ku je kullum. Ranar yaye dillalai na nan bakin ƙofa. Ku ɗora kayanku a ka ku wuce, ko wuya zai sage. Ni na tuba, ina fatan Allah ya karɓa. Amma ku sani, irina a leda yake mai da ƙyalle har ya mutu. Ku da sunanku bai ɓaci ba, kada ku jawo wa kanku wannan aiki.