Ranar da Na Tattake Albasar Lakwal

Ranar Alhamis ce, wata guda bayan Mauludi, shekarar da nake aji biyar, can wajen ƙarshen shekarun saba'in. A lokacin ba a karatu ranar Alhamis, amma garkar lakwal, wato makarantarmu ta boko, ba ta san hutu ba, kuma ranar ni da ƙawata Zali ban ruwa ya faɗo wa. Zali ta tashi da zazzaɓi, sai na tafi ni kaɗai da hantsi. Na jawo guga biyu, na cika arozwar, butar nan ta ban ruwa mai bakin rariya, na duƙa bakin fangalin albasar ajinmu. Sai na ga wuyan albasar ya yi laushi, bakin lawashinta ya fara rawaya, ƙasa ta tsattsage. A gidanmu ko ɗan shekara biyar ya san abin da wannan ke nufi. Na ajiye arozwar, na tuɓe takalmina na roba, na shiga ina taka lawashin layi-layi, ina ƴar waƙata, har na kwantar da fangali huɗu kaf, ban bar ko ganye ɗaya tsaye ba. Ruwan da na jawo na juye wa tumatirin ƴan aji uku. Na koma gida ina taƙama, wai ni na yi wa lakwal gwaninta.

Ƙauyenmu yana gefen kwarin Tama, kuma mu mutanen albasa ne tun kakanni. Da damina a yi gero da dawa a tudu, da an kai amfani rumbu kowa ya gangara fadama. Babana shekarar yana wajen bida a ƙasashen bakin teku, kamar yawancin mazan garin, sai kakana Arzika ke riƙe da gida da garka. Tun ina rarrafe nake ganin yadda ake yi: in albasa ta nuna, a yanke mata ruwa, a taka lawashin ya kwanta, a bar ta kwana goma ko fiye ta sha rana cikin ƙasa, sannan a cire. Lawashin mata su daka shi su dunƙula gabu, albasar kuma a jera ta cikin rudu, rumbun albasa na kara, ta yi watanni ba ta ruɓe ba. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini wannan, kamar yadda ba wanda ya koya mini surfe.

Malaminmu kuwa, Mushe Hamani (Mushe muke ce wa malami a lakwal), mutumin yamma ne, daga bakin kogi, inda shinkafa ke kwana cikin ruwa ta tashi cikin ruwa. Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai son aikin hannu. Kullum maganarsa ita ce, "Ku taɓa da hannu tukuna, sannan mu rubuta." Wajensa muka koyi awon mita da igiya da turaku, mu auna fangali tsawo da faɗi, mu koma aji mu yi lissafinsa kan allo da alli. Da kaka mu kawo kara mu gyara darnin garka, da sanyi maza su tufka igiya, mu mata mu saƙa faifai da tabarmar kaba, ƙanana su murza yumɓu su yi ƴan shanu masu ƙaho ɗaya ya fi ɗaya. Shekarun baya salati da karas da tumatir ake shukawa, abubuwan da ya sani. Shekarar ce ta farko da ya ce a gwada albasa, kuma ya ɗauki fangalin nan huɗu kamar ƴaƴan cikinsa. Safe da yamma a ba su ruwa, ya tsaya yana kallon korensu yana murmushi shi kaɗai.

Dalilin wannan tarairaya shi ne bikin ƙarshen sanyi. Kowace shekara kafin zafi ya kankama, lakwal kan tara iyaye ta nuna musu abin da yara suka yi, a yi kokawa da langa da tseren buhu, a dafa shinkafa da wake cikin tukunyar da aka aro gidan maigari. Shekarar an ce sufeton makarantu da kansa zai zo daga Buza ya ga garka. Direktanmu, shugaban lakwal, dogon mutum mai tabarau wanda bai cika magana biyu ba, ya riga ya kafa doka tun bara, lokacin da wani yaro ya tsallaka darni ya kwashe karas: duk wanda ya yi ɓarna a garka, ya ɗauki jakarsa ya tafi gida, ba dawowa. Yaron nan mun gan shi da idonmu yana kiwon awaki, yana leƙenmu ta taga.

Juma'a da safe muna cikin layi gaban tuta, na hango Mushe Hamani ya fito daga garka, hannayensa bisa kai. Wallahi har lokacin ina tsammanin yabo ne zai biyo baya. Ya tambaya wa ya yi ban ruwa jiya, na ɗaga hannu har da ɗage. Ya ja ni zuwa bakin fangali, ya nuna mini lawashin kwance, ga sawun ƙafata ko'ina, ya ce, "Habsu, me albasar nan ta yi miki?" Muryarsa ba ta fushi ba ce, ta baƙin ciki ce. An hana Hausa a harabar lakwal, Faransancina kuma bai wuce na karatun littafi ba, ga tsoro. Abin da na iya cewa kawai shi ne haka ake yi. Haka ake yi! Direkta ya cire tabarau ya dube ni sama da ƙasa. Abin haushin, duk ƴan ajinmu sun san gaskiyar maganar, ɗiyan manoman albasa ne kamar ni, amma kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsan ƙafa. Wa zai buɗe baki ya ce Mushe bai san albasa ba?

Hukuncin da aka yanke shi ne in ci gaba da zuwa har ranar biki, ranar kuma in zo da babban gidanmu a sallame ni gabansa. Fangalin nan huɗu Direkta ya ce kada wanda ya ƙara zuba musu ko ɗigon ruwa, a bar su yadda suke, iyaye su zo su ga aikin ɗiyarsu. Akwai kuma fangalin albasa biyu na ƴan aji shida, waɗanda ƙafata ba ta kai gare su ba, aka ninka musu ban ruwa don su tsare wa lakwal mutunci.

Kwana goma sha biyu na yi da wannan abu a ciki, ban faɗa wa kowa a gida ba. Kakana dama bai taɓa son zancen lakwal ba. Babana ne ya nace, kuma ranar da zai hau mota ya ce mini, "Ki zauna ki yi karatu har in dawo in tarar kina karanta wasiƙa." Na san in aka kore ni, kaka ba zai roƙi kowa ba, cewa zai yi madalla, ga garka tana jiran hannu. Ni kuwa ina son lakwal, so na gaske. Ina son ƙamshin sabon littafi, ina son a kira sunana in tashi in karanta. Na daina cin tuwo sosai, inna ta yi ta dafa mini sabara tana cewa shawara ce. Lokacin hutun tsakar rana ƴan mata na gaɗa suna koyon waƙar biki, ni ina gindin aduwa ina kallon albasata tana bushewa. Zali kaɗai ke zuwa ta zauna kusa da ni, ta raba mini ƙuli-ƙulinta, ta ce da ba ta yi zazzaɓi ba da tare za mu taka.

Ranar biki ta zo. Aka share fili aka yayyafa ruwa, aka jera faifai da igiyoyi da shanun yumɓu bisa tebura, makaɗi ya zo da gangarsa. Ban gayyaci kaka ba, amma ina, shinkafa da wake da kokawa ba sa wuce shi. Na gan shi cikin dattawa da rawaninsa da sandarsa. Sufeto ya iso cikin mota, muka yi waƙa, aka yi tseren buhu wani ya faɗi aka yi dariya, ni ban ji komai ba. Daga nan aka ce a shiga garka.

Mushe Hamani ya wuce da baƙi kai tsaye wajen fangalin ƴan aji shida, kore shar, ƙasa jagab. Sufeto ya gyaɗa kai. Dattawa kuwa suka yi shiru, irin shirun da manya ke yi in sun ga abu ba sa son kunyata mai shi. Kakana ya duƙa ya tuge guda, ya matsa wuyanta, ruwa ya tsirto. Ya ajiye ta a hankali, ya taka zuwa fangalina da aka bari don abin kunya, ya sa yatsa ya tono ɗaya. Ta fito jawur, ɓawonta na ƙara, wuyanta a bushe, da ƙarfi kamar dutse. Ya tono ta biyu, ya miƙa wa maigari. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Mushe, wa yat taka wanga?"

Direkta ya nuna ni. Na rufe ido.

"To ita ɗai ta yi muku aiki," in ji kaka. "Waccan ku ci ta cikin sati, ba ta kwana rudu. Wagga kuwa har damana tana nan." Sai ya juyo ya gane ni sosai, ya ce, "Au, ke ce, mummuna? Shi ya sa kika bar mini tuwo kwana da kwanaki?"

Dattawa suka fashe da dariya. Aka fassara wa sufeto, shi ma ya karɓi albasar yana jujjuyawa. Ni Mushe Hamani nake kallo, don in ya ji kunya ya mayar da ita fushi, tawa ta ƙare duk da haka. Ya daɗe tsaye da albasa ɗaya a kowane hannu. Sannan ya tuɓe takalminsa gaban sufeto da iyaye da kowa, ya shiga fangalin ƴan aji shida, ya ce da kakana cikin gurguwar Hausarsa, "Baba, nuna mini yadda ake yi." Kaka ya ce shi ya tsufa, jikarsa ta nuna masa. Haka na shiga gaba, malamina na bina a baya, muna taka lawashi, hawaye na zubo mini, makaɗi kuma ya ga abin ya yi masa daɗi ya saka mana ganga. Da aka watse Direkta ya kira ni, ya ce Litinin kada in makara.  Ranar na ci shinkafa da wake kwano biyu.

Bara na je gida na bi ta lakwal ɗin. An kewaye ta da katangar siminti, inda garka take an gina azuzuwa biyu, rijiyar an rufe bakinta. Can fadama injunan ban ruwa ke ta ruri, manyan motoci na lodin buhuna, albasa ta fi ta zamaninmu yawa nesa ba kusa ba. Amma yaran da na leƙa suna zaune ne a kan benci, suna kwafar hoton albasa daga allo, hannayensu fes. Na yi shekara talatin ina koyarwa, na ga yara da yawa da aka sallama kan abin da bai kai nawa ba, don ba a samu wanda ya duƙa ya tona ya gani ba. Ni an tona tawa albasar, kuma har yau in na tuna sai na sauke ajiyar zuciya.