Ranar da Na Haɗa Katunana Biyu a Yendi

Shekarun baya, ina tsaka da safarar doya daga Salaga zuwa Bawku ina dawowa da albasa, na tafka wata wauta da har yau in na tuna sai na yi wa kaina tsaki.

Haihuwata ta uku da tiyata aka ciro yaron, kuma na ga lahira kusa. Likita ya zaunar da ni da maigidana ya ce shekara biyu cur kada ciki ya shiga, in ba haka ba ɗinkin zai iya buɗewa, a rasa uwa a rasa ɗa. Sai na fara shan ƙwayar tazarar haihuwa. Amma a Salaga nake karɓa? Ina! Ni fa mai wayo ce. A garinmu in ka yi atishawa a asibiti, kafin ka isa gida an yi maka sannu da mura a kasuwa. A Yendi nake sauka in lori ya tsaya, na karɓi ta wata uku, na cusa katin can ƙasan jaka.

Yaron yana wata takwas tari ya sa ni gaba, na rame. A asibitin Salaga aka ce tarin tibi ne, maganin wata shida, kuma sai na kawo wanda zai riƙa tsayawa a kaina kullum har na haɗiye. Surukata ta ce ita za ta yi. Ranar buɗe kati nas ta tambaye ni ko ina shan wani magani. Na saci kallon surukata tana jan carbi a gefena, na ce, "Ko na ciwon kai ba na sha."

An gargaɗe ni cewa fitsarina zai koma ja kamar an zuba manja, don haka wannan bai dame ni ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ɗigon jini da na fara gani ba lokacinsa ba. Na kira yayata a Bawku. Ta ce, "Ke! Duk maganin kashe ƙwayar cuta yana kashe filanin, wannan ƙwayar tazarar haihuwa da kike sha. Zaɓi ɗaya ki bari." Abokiyar sana'ata kuma ta rantse ƙarya ne, ita ta sha kafso iri-iri ba abin da ya faru. Gaba kura, baya sayaki. Na ji tsoro ƙwarai, har na fara tunanin maƙale na tibin a ƙarƙashin harshe na tofar in surukata ta juya baya.

Allah Ya taimake ni ban yi ba. Da na ɗan ji ƙarfi na bi lodin doya, na sauka a Yendi, na shimfiɗa wa nas ɗin tazarar haihuwa katunan biyu a kan tebur. Ta duba wannan, ta duba wancan, ta cire tabarau.

"Hajiya, tun yaushe?"

"Sati uku, Anti."

"Kai! Kafso na haƙori, na gyambo, waɗannan ba su taɓa filanin, sai dai in kina amai ko zawo. Amma wannan mai jan fitsari, shi kam yana sa jiki ya cinye ƙwayar da sauri, kamar ba ki sha ba. Ba ki faɗa musu a Salaga ba?"

Na ce surukata tana wurin. Ta girgiza kai ta miƙo mini kwalbar gwaji. Mintunan nan da na yi a kan benci, hannuna a kan tabon ɗinkin, babu addu'ar da ban karanta ba. Da ta leƙo ta ce babu ciki, sai na saki guɗa a tsakiyar asibiti, har wata mai goyo ta yi mini barka a zatonta ciki na samu. Nan take aka yi mini allurar wata uku, wadda nas ta ce maganin tibi ba ya karya ta. Na koma bayan sati uku aka sake gwaji, shi ma babu komai.

Saura surukata. Wata safiya bayan na haɗiye magani, na runtse ido na faɗa mata komai. Ta dube ni ta ce, "Don ni kika yi wa nas ƙarya? Ni da na tsaya a ƙofar ɗakin tiyata ranar da aka ciro yaron nan? Jika nake so, 'yar nan, ba maraya ba." Da kanta ta yafa mayafi ta raka ni aka gyara katin.

Na cika wata shidana ban tsallake rana ɗaya ba, aka ce na warke sarai. Ciki kuwa bai zo ba sai da ni na shirya masa, bayan shekara uku, na kuma sauka lafiya. Har yanzu in na tuna ranar da na haɗa katunan nan a Yendi sai na ji kaina ya yi girma, don da ƙafata na je na ceto kaina. 'Yan uwana mata, in an tambaye ku abin da kuke sha, ku faɗa duka. In akwai wanda kuke jin nauyi a ɗakin, ku roƙe shi ya ɗan jira a waje. Tawa surukar da na tambaye ta daga baya, cewa ta yi da ta fita, kuma da ta ja ƙofar da kanta.